Yadda Ake Haɗa Sifindil Mai Gudun 24,000 da VFD Ba Tare da An Ƙona Shi Ba

Duk mai bibiyar bidiyon sana'o'i a TikTok ko YouTube ya sha ganin injin CNC yana sassaƙa fure a jikin ƙofar katako, ko yana yanka harufan allon talla, babu hannun kowa a kai. Kwamfuta ce ke nuna masa hanya, amma abin da ke cin katakon wani injin lantarki ne mai siffar dogon gwangwani, wanda ake kira sifindil. A yau matasa da dama kan yi odarsa daga China ta wayar hannu, ya iso tare da wani akwati mai ɗan allo da maɓallai, wato VFD.

Nan ne gizo ke saƙa. Wanda ya saba da fanka ko injin ban ruwa zai ɗauka a jona waya kawai a danna maɓalli. Sifindil kuwa yana iya ƙonewa a minti na farko, tun bai taɓa katako ba, idan aka kunna shi kafin a gaya wa VFD irin injin da aka haɗa masa. Wannan darasi zai bi aikin daki-daki, da misalin wanda ya fi yawa a kasuwa: sifindil mai ƙarfin 2.2kW, volt 220, 400Hz, mai sanyaya da ruwa, tare da VFD ƙirar Huanyang jerin HY.

Me ya sa sifindil ba ya shan wutar soket?

Wutar gida a Najeriya da Nijar volt 220 zuwa 230 ce, kuma tana kai da komowa sau 50 a kowace daƙiƙa. Yawan wannan bugun shi ne firikwansi, ana auna shi da Hz. Gudun irin wannan injin ya rataya ne a kan bugun wuta da kuma adadin fol ɗin maganaɗisun da koyil ɗinsa ke samarwa. Lissafin mai sauƙi ne: a ninka firikwansi da 120, a raba da adadin fol.

Sifindil ɗin misalin nan fol 2 gare shi. A 50Hz zai yi juyi 3,000 a minti. A 400Hz kuwa zai yi 24,000, wato juyi 400 a daƙiƙa guda. Soket ba ya bayar da 400Hz, kuma layi ɗaya yake kawowa, alhali sifindil layi uku yake buƙata. Aikin VFD ke nan: ya karɓi wutar gida ya mayar da ita DC kamar yadda cajar waya ke yi, ya tara ta a cikin manyan kafasito, sannan ya yayyanka ta da sauri ya fitar da layi uku a kan duk bugun da aka zaɓa. Dabarar da ke cikin firji da AC masu inbata ke nan. Shi ya sa 'yan kasuwa ke kiran VFD da sunan inbata, sai dai mai saye ya lura: wannan daban yake da inbatar sola, ɗaya ba ya yin aikin ɗaya.

Lissafin da ke raba sifindil da ƙonewa

VFD ba bugu kaɗai yake canzawa ba, yana ɗaga volt tare da bugun, kafaɗa da kafaɗa. An naɗa koyil ɗin sifindil ne don ya karɓi volt 220 a lokacin da bugu ya kai 400Hz. Idan aka raba 220 da 400, kowane Hz ɗaya rabonsa volt 0.55 ne. Ke nan a 200Hz sifindil volt 110 yake so, a 50Hz kuwa volt 27.5 kacal.

VFD da yawa kan fito daga masana'anta da saitin injin gama-gari mai 50Hz. A wannan saitin, da zarar bugu ya kai 50Hz, VFD zai sakar wa injin volt 220 gaba ɗaya. Ga sifindil, wannan ninki takwas ne na abin da ya dace. Ƙarfen cikinsa zai ƙoshi da maganaɗisu ya kasa karɓar ƙari, wuta ta kwarara cikin koyil babu mai tare ta, zafi ya tashi nan take. Idan an yi sa'a VFD zai yanke wuta ya nuna lambar matsala. Idan ba a yi ba, sai dai a ji ƙauri. Saboda haka doka ta farko ita ce: ba a danna RUN sai an gama saiti.

Mataki na 1: A karanta rubutun jikin kaya

A jikin kowane sifindil akwai rubutu mai nuna ƙarfi, volt, amp, Hz da gudu. A ɗauki hotonsa da waya tun kafin a ɗaure shi a kan inji, domin mariƙi kan rufe rubutun. Haka ma takardar da ke gefen VFD.

Abubuwa uku ne sai sun dace. Volt: akwai sifindil mai 220, akwai mai 380, kuma VFD mai shan 220 yawanci ba ya fitar da 380. Amp: na VFD ya kai na sifindil ko ya fi shi. Firikwansi: VFD ya iya kaiwa 400Hz.

Sai a gwada koyil da mitar awon lantarki. A kan sifindil akwai soket mai fil huɗu. Tsakanin fil 1 da 2, 2 da 3, 1 da 3, mita za ta nuna ohm ɗan kaɗan, kuma duka ukun su zo daidai da juna. Tsakanin kowannensu da gangar jikin ƙarfen kada a sami haɗi ko kaɗan. Fil na 4 na wayar ƙasa ne, kuma a nan ake yawan samun tarko: a wasu masu araha ba a haɗa shi da komai a ciki ba. Idan mita ba ta nuna haɗi tsakanin fil 4 da gangar jiki ba, dole a haɗa shi, ko a ɗaura wayar ƙasa kai tsaye a jikin ƙarfen. In ba haka ba, ranar da koyil ya taɓa jiki, hannun mai aiki ne zai zama hanyar wuta.

Mataki na 2: Haɗa wayoyi

Wannan aikin ƙwararren mai wayarin ne, ko a yi shi a gabansa. A ƙasan VFD akwai jerin sukurori masu harufa:

- R, S, T: nan wutar gida ke shiga. Mai layi ɗaya yana amfani da biyu daga cikinsu, littafin VFD ɗin zai faɗi waɗanne.
- U, V, W: nan wuta ke fita zuwa fil 1, 2, 3 na sifindil.
- E ko alamar ƙasa: wayar ƙasa, daga bango zuwa VFD, daga VFD zuwa sifindil.

Idan aka yi kuskure aka sa wutar gida a U, V, W, VFD ya tashi daga aiki ke nan a daƙiƙa ɗaya. A duba sau biyu kafin a ɗaga bireka.

A bangaren shiga, VFD mai layi ɗaya kan ja amp kusan ninki biyu na abin da yake ba sifindil idan aiki ya yi nauyi. Don haka a ba shi nasa layin da nasa bireka, da waya mai kaurin da bai gaza 2.5mm² ba. Siririyar wayar ƙari da ake jona cajar waya ba ta wannan aikin ba ce.

A bangaren fita, a yi amfani da waya mai jijiya huɗu mai rigar saƙar ƙarfe, a haɗa rigar da ƙasa. Yankan wutar da VFD ke yi sau dubbai a daƙiƙa yana watsa hayaniyar lantarki, wadda kan sa kebul ɗin USB ya yanke ana tsakiyar aiki, ko inji ya tsaya haka kawai. A raba hanyar wannan waya da ta ƙananan wayoyin sigina.

Tsakanin VFD da sifindil ba a sa makunni, ba a sa filogin da za a cire yana juyi. Yanke wannan layin ana cikin gudu na iya lalata taransistocin VFD. Da maɓallin STOP ake tsayar da sifindil, ba da bireka ba.

Akwai wani haɗarin da ba ya ƙara, ba ya wari. Kafasiton cikin VFD suna riƙe wuta da ta haura volt 300, kuma ba sa sakinta da zarar an ɗauke wuta. Bayan an kashe bireka a jira minti 10, allo ya mutu, sannan a auna da mita kafin yatsa ya kusanci sukurori. Ɗaukewar wutar NEPA ma ba izinin taɓawa ba ne, domin tana iya dawowa ba sallama.

Mataki na 3: Saiti

Ana iya yin saiti tun sifindil bai haɗu da VFD ba, kuma hakan ya fi aminci. A danna PRGM, a zaɓi lamba da maɓallan sama da ƙasa, a danna SET a ga abin da ke ciki, a canza, a sake danna SET. Lambobin da ke tafe na jerin HY ne, masu farawa da PD. Wasu VFD sun yi kama da shi a ido amma lambobinsu daban, sai a nemi ma'anar a littafinsu.

- PD013 = 8: mayar da komai saitin masana'anta. Da shi ake farawa, musamman ga na hannu.
- PD005 = 400: iyakar bugu. Shi ake fara sawa, domin sauran ba sa iya wuce shi.
- PD004 = 400: bugun da volt ke cika a kansa. Wannan ita ce lambar da ke hana ƙonewar da aka yi bayani a sama.
- PD003 = 100: bugun da zai fara da shi idan daga allo ake ba da umarni. Daga baya a ɗaga.
- PD008 = 220: iyakar volt.
- PD011 = 100: mafi ƙarancin bugu, wato juyi 6,000.
- PD014 da PD015: daƙiƙun tashi da na tsayawa. A fara da 10 kowanne.
- PD023 = 0: hana juyawa baya.
- PD072 = 400: iyakar bugu idan da maƙunshin murɗawa ko da kwamfuta ake sarrafa gudu.
- PD141 = 220: volt ɗin sifindil.
- PD142: amp ɗin da ke rubuce a jikin sifindil. Da shi VFD ke gane nauyi ya yi yawa.
- PD143 = 2: adadin fol.
- PD144 = 3000: gudun injin a 50Hz, ba 24,000 ba. Da wannan ne allo zai nuna gudu daidai.
- PD001 = 0 da PD002 = 0: umarni daga allon VFD, har sai an gama gwaji.

Bayan an gama, a sake bin lambobin ɗaya bayan ɗaya a tabbatar sun zauna, musamman PD004. A rubuta su a waya, a kuma manna kwafi a jikin akwatin. Ranar da wani yaron shago ya yi wasa da maɓallai, wannan takardar ce za ta fitar da mai injin.

Mataki na 4: Ruwan sanyaya

Sifindil mai ruwa ba shi da fanka, ruwan da ke zagaya cikinsa shi ne ransa. Ana sa ƙaramin famfo a cikin bokiti mai murfi, tiyo ɗaya ya kai ruwa, ɗaya ya dawo da shi. Bokitin ya zama babba, kamar mai lita 20, domin a watannin bazara ƙaramin ruwa kan ɗumama da wuri. Ruwan rijiya ko na burtsatse kan bar gishiri ya toshe siraran hanyoyin ciki. Abin da ya dace shi ne tataccen ruwa, a garwaya shi da ruwan lagireton mota don hana tsatsa da gansakuka. A kula wajen saye: tataccen ruwa ake nufi, ba ruwan batir mai asid ba.

A haɗa famfo yadda zai tashi tare da VFD, don kada mantuwa ta shiga. A kuma ajiye bakin tiyon dawowa a inda ido zai ga ruwa na zuba.

Mai sanyaya da iska kuwa, fankarsa a kan sandar juyi take, idan gudu ya ragu iska ma ta ragu. Shi ya sa PD011 ta fi muhimmanci a wurinsa, kada a bar shi yana aiki a ƙaramin gudu.

Mataki na 5: Kunnawar farko

A ɗaure sifindil tamau a mariƙinsa, ba a gwada shi a kan tebur ko a hannu. A cire noti da kolet gaba ɗaya, domin notin da ba a ɗaure ba kan kwance ya yi tsalle. A kunna famfo, a sa bugu a 100Hz, a danna RUN, hannu ɗaya na kusa da STOP.

Abu uku za a duba. Na farko, wajen da yake juyawa: idan aka leƙo daga sama, ya bi hannun agogo. In ya saɓa, a kashe, a jira minti 10 ɗin nan, a musanya biyu daga cikin U, V, W. Musanya wayoyin shiga ba ya canza komai. Na biyu, amp a allo: sifindil da ba ya yankan komai kaɗan yake ja, ƙasa sosai da lambar jikinsa. Idan ya kusa cika, a tsaya a koma kan saiti. Na uku, sauti: feɗuwa mai santsi, babu gurnani, babu karkarwa.

Idan komai lafiya, a hau a hankali: 6,000, sai 12,000, sai 18,000, sai 24,000, kowanne 'yan mintuna. Wannan ɗumamawar ba ta ranar farko kaɗai ba ce. Kowace safiya a yi ta, domin giris ɗin cikin boris ya yi laushi ya bazu kafin nauyi ya hau, balle a sanyin hunturu. Sannu ba ta hana zuwa.

Mataki na 6: Kolet da bit

Kolet shi ne ɗan mariƙin da ke damƙe bit. Sifindil mai 2.2kW yawanci ER20 yake ɗauka, mai riƙe ƙafar bit har 13mm. ER16 iyakarsa 10mm, ER11 kuwa 7mm. Kuskuren da sababbi suka fi yi shi ne tura kolet cikin sifindil sannan a ɗaura noti a kai. Daidai shi ne a fara danna kolet cikin noti a karkace har ya yi ƙas ya zauna, a zura bit, sannan a ɗaura a kan sifindil da sifana biyu. Girman kolet ya dace da ƙafar bit: ƙafa mai inci ɗaya bisa huɗu 6.35mm ce, ba ta shiga kolet mai 6mm sai da tilas, kuma tilas ɗin ɓarna ne. A zura ƙafar ta cika tsawon kolet, a goge ƙura kafin kowace ɗaurawa.

Ba kowane bit ne ke jure 24,000 ba. Gefen bit mai faɗin 6mm a wannan gudun yana tafiyar kusan mita 7.5 a daƙiƙa. Mai faɗin 50mm, irin na share fuskar katako, gefensa ya haura kilomita 220 a awa. Idan haƙorinsa ya ɓalle, harsashi ne. Babban bit, ƙaramin gudu, kuma ba a wuce iyakar da aka rubuta a kwalinsa.

Sai dai rage gudu ma yana da farashi. Ƙarfin 2.2kW a 24,000 ne kawai yake cika. A 12,000 rabi ne, a 6,000 kuwa kimanin watt 550. Wanda ya rage gudu dole ya rage zurfin yanka.

Bit kuma yanka ake so ya yi, ba guga ba. Misali, bit mai haƙori 2 a juyi 18,000, idan kowane haƙori zai ɗebi 0.1mm, tafiyar inji za ta zama 3,600mm a minti. Idan tafiya ta yi ƙasa da haka sosai, sai bit ya riƙa gugar wuri ɗaya, katako ya yi baƙi, garinsa na iya kamawa da wuta. Ɓarɓashi shi ne alamar yanka mai kyau. Gari mai laushi da hayaƙi gargaɗi ne.

Idan VFD ya nuna lambar matsala

- OC: amp ya yi yawa. A duba PD004, a ƙara daƙiƙun PD014, a binciki wayoyin da suka taɓa juna.
- OU: volt ya yi yawa. Yakan faru wajen tsayawa, domin sifindil mai rage gudu yana komawa kamar janareta ya turo wuta baya. A ƙara PD015.
- LU: wuta ta yi ƙasa. Sananniyar matsala ce a unguwannin da wuta ke zuwa a raunane, ko a kan ƙaramin janareta. Janaretan sifindil ya zama ya fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba, kuma ba a sauya layi daga NEPA zuwa janareta ana cikin yanka.
- OH: zafi. Ƙurar hunturu da garin katako kan toshe fankar VFD. A sa shi cikin akwati mai iska, nesa da inda ake yanka, a riƙa hure shi bayan an kashe wuta.

Lambar matsala saƙo ce. Wanda ke goge ta ya sake danna RUN ba tare da ya nemo dalili ba, kuɗin sabon VFD yake tarawa.

Kare kai a bakin aiki

Tabaran kariya, abin toshe kunne da takunkumin hanci wajibi ne, musamman a kan katakon MDF mai gari kamar hoda. Babbar riga, hannun kaftani mai faɗi, gyale, hijabi mai saki da carbi duk a tattare su ko a cire, domin abin da ke juyi 400 a daƙiƙa ba ya ba mutum damar janye hannu. Safar hannu ma haɗari ce kusa da abu mai juyi. Kafin a canza bit a tabbatar sifindil ya tsaya cik kuma babu yadda kwamfuta za ta tashe shi. Maɓallin tsayawar gaggawa ya kasance inda hannu zai kai ba tare da an duba ba. Kuma ba a barin inji yana yanka a fita, ko a duƙufa kan waya ana ɗaukar bidiyo.

Sai bayan an tabbatar da duk waɗannan ne za a miƙa ragamar ga kwamfuta, ta siginar volt 0 zuwa 10 ko ta layin RS485, yadda manhaja irin su Mach3 ko LinuxCNC za ta riƙa kunna sifindil da umarnin M3, ta kashe da M5. A nan ne PD001 da PD002 za su canza. Kafin a kai can, mai sabon kaya ya buɗe kwalinsa, ya ɗauki hoton rubutun jikin sifindil, ya kunna VFD shi kaɗai, ya fara duba abin da ke cikin PD004.